Sauya nau'in hoto: a ɗora shi a shafin intanet ko a yi aikin cikin na'ura?

Ka ɗauki hoto da waya, ka zo cike wani fom a intanet, shafin ya ce JPG kaɗai yake karɓa, naka kuwa HEIC ne. Ko ka sauke hoto daga wani wuri, ya zo da wutsiyar WebP (wutsiya ita ce haruffan ƙarshen sunan fayil da ke nuna nau'insa), tsohuwar manhajarka ta ƙi buɗe shi. Abin da yawancinmu muke yi shi ne mu rubuta buƙatar a Google, mu danna shafin da ya fito a sama, mu ɗora hoton, mu sauke sabo. Galibi buƙata takan biya. Sai dai hanyoyin yin wannan aiki sun kai huɗu, kuma wadda ta fi saurin zuwa hannu ba ita ce ta dace da kowane hoto ba.

Abubuwan da za a auna

Na farko, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne sirri: hoton zai bar na'urarka ya shiga kwamfutar wasu, ko kuwa a hannunka zai tsaya? Hoton fure da hoton fasfo duk fayiloli ne, amma ba ɗaya suke ba idan suka faɗa hannun baƙo. Na biyu inganci, wato abin da hoton zai rasa a hanya, da kuma ko an ba ka ikon cewa ga iya matsewar da kake so. Na uku kuɗi, kuma a nan har da datar da za a ƙona, domin abin da aka rubuta wa "kyauta" yakan ci ta wata fuskar. Na huɗu sauƙi, musamman idan hotunan sun yi yawa. Na biyar ɗorewa: hanyar za ta yi aiki babu intanet? Za ka same ta baɗi yadda ka bar ta bana?

Abin da ke faruwa da hoton kansa

Kafin a shiga hanyoyin, ya kamata a fahimci wani abu da babu shafi ko manhajar da za ta canza shi. Hoton waya mai megafiksel 12, wato 4032 a tsawo 3024 a faɗi, idan aka ajiye kowane ɗigo da launinsa ba tare da matsewa ba, zai haura megabayit 36. Dalilin da ya sa kake ganinsa a megabayit biyu ko uku shi ne an matse shi, kuma nau'o'in hoto sun bambanta ne a yadda suke wannan matsewa.

JPEG, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 1992, yana yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai masu ɗigo 8 sau 8, ya zubar da bayanan da ido ba ya saurin lura da su. Abin da ya zubar ya tafi ke nan. In ka buɗe JPG ka gyara ka sake ajiyewa, ya sake zubar da wani abu. Ka maimaita sau da yawa, sai ka fara ganin dabbare-dabbare a gefen rubutu da sararin sama. (JPG da JPEG abu ɗaya ne, tsoffin kwamfutoci ne ba sa karɓar wutsiya mai harafi fiye da uku.) PNG kuwa, da ya fito a 1996 bayan rigimar haƙƙin mallaka a kan dabarar matsewa ta GIF, ba ya zubar da komai, kuma yana iya barin bayan hoto, wato bangonsa, fayau babu launi. Shi ya sa ya dace da tambari, zane, da hoton allo mai rubutu. Amma ka mayar da hoton kyamara PNG, fayil ɗin zai kumbura ninki-ba-ninki, kuma ba zai ƙara kyau ko kaɗan ba, tunda abin da JPEG ya riga ya zubar ba ya dawowa.

WebP na Google ne, daga 2010, yana iya matsewa ta hanyoyin biyu, yana ɗaukar bango fayau, har da hoto mai motsi. Da shi ake yin sitikar WhatsApp. HEIC ya bazu ne tun da Apple ya mayar da shi nau'in da kyamarar iPhone take ajiye hoto da shi a 2017, kuma yakan ci kusan rabin wurin da JPEG ke ci. Matsalarsa ita ce dabarar matsewar da ke ƙarƙashinsa tana da lasisi, shi ya sa shafuka da manhajoji da yawa har yanzu suke ƙin sa. AVIF ya zo a 2019, ya fi su matsewa, amma ba ko'ina ake karɓarsa ba. GIF, dattijon cikinsu daga 1987, launi 256 kawai yake iya riƙewa.

Daga nan ake samun asarar da mutane ke ɗora wa shafin sauyawa alhali ba laifinsa ba ne. Tambari mai bango fayau in aka mayar da shi JPG, dole bangon ya cike da launi, galibi fari ko baƙi. Ni kaina na taɓa aika tambari a haka, sai da aka buga shi a kan shuɗin allo na ga farin akwati ya kewaye shi. Hoto mai motsi in ya koma JPG, hoto ɗaya tsayayye ne zai rage. Sannan canza wutsiyar suna da hannu, a goge png a rubuta jpg, ba sauyawa ba ne. An canza wa fayil suna ne kawai, cikinsa na nan yadda yake, kuma shafin da ke duba ciki zai ƙi shi.

Akwai kuma bayanan da ke ɓoye cikin hoton, waɗanda ake kira EXIF: ranar da aka ɗauka, sa'a, irin wayar, da kuma, in an bar wa kyamara izinin wuri, daidai inda mutum yake tsaye. Wasu hanyoyin suna goge su, wasu suna wucewa da su cikin sabon fayil. Wannan zai sake tasowa a ƙasa.

Hanya ta ɗaya: shafukan da ake ɗora wa hoto

Su ne aka fi sani: CloudConvert, Convertio, Zamzar, iLoveIMG da ire-irensu. Ka ɗora fayil, kwamfutocinsu su yi aikin, ka sauke. Ƙarfinsu shi ne yawan nau'o'in da suke karɓa. In wani ya aiko maka da fayil mai baƙuwar wutsiya, na wata kyamarar ƙwararru ko tsohuwar manhajar zane, da wuya ka rasa wanda zai buɗe shi a cikinsu. Ba ka girka komai, kuma ko wayarka ba ta da ƙarfi aikin zai yi, domin ba ita ke ɗaukar nauyin ba.

Ta fuskar kuɗi, kusan dukansu salo ɗaya suke bi: kyauta har zuwa wani iyaka na girman fayil ko yawan sauyawa a rana, daga nan sai biyan wata-wata. Iyakokin suna canzawa, don haka ka duba na ranar da kake aiki. Abin da ba a rubutawa a shafin farashi shi ne data. Hotuna 50 masu megabayit 3 kowanne, megabayit 150 ke nan wajen ɗorawa, kuma idan HEIC ne suka koma JPG, abin da za ka sauke zai fi haka. In layi ya yanke a tsakiya, a wasu shafukan daga farko za ka sake.

Batun sirri ne ya kamata a tsaya a kansa. Sanannun shafukan suna rubuta cewa suna goge fayiloli bayan 'yan sa'o'i, wasu zuwa awa 24. Ba ni da dalilin ƙaryata su, amma alkawari ne da ba ka da hanyar gani da idonka. Kuma hoton yana isa wurinsu ne da EXIF ɗinsa cikakke, ko da za su goge shi daga fayil ɗin da za su dawo maka da shi. Wannan ga shafukan kirki ke nan. Akwai kuma na bogi. A watan Maris na 2025 ofishin hukumar FBI ta Amurka da ke Denver ya yi gargaɗi cewa 'yan damfara suna kafa shafukan sauya fayil na kyauta, su yi maka aikin da ka nema, amma su haɗo da muguwar manhaja a cikin abin da ka sauke, ko su tsinci bayanan sirri daga abin da ka ɗora. Irin waɗannan sukan kwaikwayi suna da kamannin sanannun shafuka, wani lokaci su sayi talla don su fito a saman sakamakon bincike. Babbar alama ita ce wutsiyar abin da ka sauke. Ka nemi JPG, aka ba ka fayil mai ƙarewa da exe ko apk, wato manhaja ce ba hoto ba, ko aka ce sai ka girka wata 'yar manhaja kafin a ba ka hotonka: rufe shafin. A tuna Windows yana ɓoye wutsiyar fayil in ba ka kunna nuna ta ba, wanda hakan ke taimaka wa masu wannan aika-aika.

Inganci a nan ya danganta da shafi. Wasu suna ba ka damar zaɓar matakin matsewa da girma, wasu kuwa maɓalli ɗaya ne, abin da suka ga dama shi za ka karɓa.

Hanya ta biyu: shafukan da ke aiki cikin burauzarka

A ido kamar na farko suke, shi ya sa mutane da yawa ba su san da bambancin ba. Kana buɗe shafi ne, amma maimakon hotonka ya tafi wurinsu, shafin ne ke sauko da 'yar manhajarsa cikin burauza, na'urarka ta yi aikin da kanta. Fitaccen misali shi ne Squoosh, wanda ma'aikatan Google Chrome suka fitar a 2018. Akwai kuma Photopea, mai kama da Photoshop, ga wanda yake son gyara tare da sauyawa.

Ga hoto ɗaya ko biyu, ban san hanyar da ta kai Squoosh ba. Yana raba allo biyu, asali a hagu, sabo a dama, da layi a tsakiya da kake ja don ka gwada su. Kana rage inganci kana ganin girman fayil yana sauka nan take, kana kuma ganin lokacin da fuska ta fara lalacewa. In fom ya ce kada hoto ya wuce kilobayit 200, a nan za ka daidaita shi daidai ba tare da ka-cici-ka-cici ba. Kyauta ne, babu rajista, kuma yana fitar da hoto babu EXIF.

Raunin wannan hanya a fili yake. Squoosh hoto ɗaya yake karɓa a lokaci guda, mai hotuna 80 zai gaji. Nau'o'in da yake buɗewa ba su da yawa, kuma a yawancin burauza ba ya buɗe HEIC, wanda shi ne ma ya fi kawo mutane neman sauyawa. Tsohuwar waya takan yi nishi da babban hoto, musamman in AVIF ake so a fitar.

Shafuka da yawa yanzu suna rubuta cewa ba sa ɗora fayil ko'ina. Ga yadda ake gwada su: buɗe shafin ya gama lodawa, ka sauya wani hoto maras muhimmanci sau ɗaya, sannan ka kashe data da Wi-Fi, ka gwada wani. In ya yi, a na'urarka yake aiki. In ya tsaya yana juyi, to mai yiwuwa da ma tura hoton yake yi.

Hanya ta uku: abin da ke cikin na'urar tun asali

Wannan ita ce hanyar da aka fi mantawa da ita. A Windows, Paint yana buɗe hoto ya ajiye shi a matsayin JPG, PNG, GIF ko BMP, sai dai ba ya tambayarka matakin inganci, kuma HEIC na buƙatar ƙarin kayan haɗi daga shagon Microsoft. A Mac, Preview yana yin aikin da ma'aunin inganci, kuma za ka iya zaɓar hotuna da yawa a Finder, wato manhajar duba fayiloli, ka sauya su gaba ɗaya. A iPhone, tun daga iOS 16, in ka ajiye hoto a manhajar Files ka danne shi, akwai zaɓin sauya shi zuwa JPEG ko PNG. Wayoyin Android sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai mutum ya leƙa manhajar hotunansa.

Mai iPhone da wannan matsala ta dame shi zai iya kashe ta daga tushe: a saitin kyamara, ƙarƙashin Formats, ya zaɓi Most Compatible, daga nan hotuna za su riƙa fitowa a JPG. Abin da zai biya shi ne wurin ajiya, domin za su fi girma.

In ban da kayan haɗin HEIC na Windows, babu kuɗi, babu data, kuma babu wanda ya ga hoton. Abu ɗaya da za a kula da shi: wasu daga cikin waɗannan suna barin EXIF a sabon fayil, don haka sauyawa ba ta nufin an goge wurin da aka ɗauki hoton.

Ɗaukar hoton allo ma dabara ce da ake yi, kuma tana fitar da mutum kunya in an matsu. Amma abin da za ka samu girman allonka ne, ba girman hoton asali ba. Don aikawa a hira ya isa, don bugawa a takarda bai isa ba.

Hanya ta huɗu: manhajar da ake girkawa

A kwamfuta akwai XnConvert, IrfanView, GIMP da ImageMagick. Nan ne gidan aiki mai yawa. A XnConvert za ka zuba hotuna ɗaruruwa, ka ce a rage faɗinsu zuwa kaza, a goge EXIF, a fitar da WebP a inganci kaza, ka tashi ka bar shi. ImageMagick ba shi da maɓallai, umarni ake rubuta masa, amma layi ɗaya, magick mogrify -format jpg *.png, ya isa ya sauya duk PNG da ke cikin jaka. GIMP da ImageMagick kyauta ne ga kowa. IrfanView da XnConvert kyauta ne ga amfanin kai, kamfani kuwa ana so ya sayi lasisi. Ta fuskar ɗorewa babu mai ja da su: ImageMagick yana nan tun 1990, IrfanView tun 1996, kuma wanda ka girka yau zai ci gaba da aiki ko da shafin masu shi ya rufe. Kuɗin shiga shi ne lokacin koyo, da kuma kula da cewa daga shafin masu manhajar na asali ka sauke ta.

Manhajojin waya na sauya hoto kuwa, ina ɗari-ɗari da su. Akwai nagari, amma da yawa talla ce zalla, wasu suna neman izinin ganin dukan hotunanka saboda hoto ɗaya, wasu kuma a ɓoye ɗora hoton suke yi a intanet, ka ga an koma hanya ta ɗaya ba tare da an faɗa maka ba. Gwajin kashe data yana aiki a kansu su ma.

| | Shafin ɗorawa | Cikin burauza | Kayan cikin na'ura | Manhajar kwamfuta |
|---|---|---|---|---|
| Hoto yana barin na'ura? | E | A'a | A'a | A'a |
| Kuɗi | Kyauta da iyaka, sai biya | Kyauta | Kyauta | Galibi kyauta |
| Data | Ɗorawa da saukewa | Buɗe shafi kawai | Babu | Saukewa sau ɗaya |
| Ikon saita inganci | Ya danganta da shafi | Sosai | Kaɗan | Sosai |
| Hotuna da yawa | Da iyaka | Da wahala | Mac ya fi | Nan ne ƙarfinta |
| Baƙin nau'o'i | Sun fi kowa | Kaɗan | Kaɗan | Da yawa |
| Aiki babu intanet | A'a | Bayan an buɗe | E | E |
| Babban haɗari | Sirri, shafukan bogi | Nauyi ga tsohuwar waya | EXIF kan rage | Saukewa daga gurɓataccen wuri |

Wa ya dace da wacce

In hoton na katin shaida ne, fasfo, takardar banki, sakamakon asibiti, sa hannu, ko hoton yara da iyali, cire hanya ta ɗaya daga lissafi. Yi amfani da abin da ke cikin na'urar, in kuma ana buƙatar rage nauyi zuwa wani adadi, ka ƙarasa da Squoosh. In HEIC ne, mataki biyu ke nan: Files ko Preview su mayar da shi JPG, Squoosh ya matse.

Mai shafin intanet ko mai sayar da kaya da ke ɗora hotuna kullum, ya ba XnConvert yamma ɗaya ya koye shi. WebP ya dace da shafi tunda duk manyan burauza suna buɗe shi, Safari ma tun 2020. Amma ya ajiye hotunan asali a jaka daban, kowace sauyawa ta fito daga asalin, kada a riƙa matse abin da aka riga aka matse.

Wanda aka aiko wa baƙon fayil sau ɗaya a shekara, kuma babu wani sirri a ciki, sanannen shafin ɗorawa ya wadatar da shi. Ya rubuta adireshin da hannunsa maimakon danna talla, ya duba wutsiyar abin da ya sauke kafin ya buɗe.

Mai ɗaukar hoto na sana'a ko mai kai aiki wurin bugawa ya tsaya a manhajar kwamfuta, saboda launi. Hotunan sababbin wayoyi suna ɗauke da bayanin launi mai faɗi, in mai sauyawa ya jefar da shi ba tare da ya daidaita ba, ja da kore sukan fito a dushe. TIFF (nau'in da masu bugawa ke amfani da shi) ko PNG don ajiya da gyara, JPG mai inganci sama don miƙawa.

Sai mai son mayar da tambarin JPG zuwa SVG don ya buga shi a babban allo. Wannan ba sauya nau'i ba ne, sake zane ne, domin SVG layuka da siffofi yake ajiyewa, ba ɗigo ba. Wasu shafukan suna cusa hoton ne kawai cikin fayil mai wutsiyar SVG, ka faɗaɗa shi ka ga yana farfashewa kamar da. Manhajar zane ta Inkscape tana da kayan bin sawun zane da kan yi kyau in tambarin launi biyu ko uku ne masu kaifin gefe. In ya fi haka rikitarwa, a nemi fayil na asali wurin wanda ya zana shi.